Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar Bauchi Da Ya Ƙago Shaihu Umar Tun Kafin Ya Zama Firaminista

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabo a Ibadan da Shagamu, har zuwa na Lokpanta da Fatakwal. Yau tarihin wani mutumin garinmu Bauchi na kawo muku, wanda kusan kowannenku ya taɓa riƙe hotonsa a hannu, tunda shi ne a jikin takardar naira biyar. Wasunku ma kullum sai sun ratsa ta dandalin da ke ɗauke da sunansa a tsibirin Legas. Kowa ya san Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da mulki. Amma kafin mulkin, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zauna ya ƙago labarin da har yau ake karantawa a makarantu, kuma har yau ake yi masa gurguwar fahimta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi, wata gardama ce da aka yi a gabana a saman tirela, mun yi lodin shanun mahaifina daga Mararrabar Liman Katagum za mu Legas. Wanda ya taɓa bin motar shanu ya san tafiyar ba ta ƙarewa sai da hira. Ina riƙe da wani tsohon kwafin Shaihu Umar da ya rage mini tun sakandare. Wani dattijo cikin masu rakiyar shanun ya ga sunan, ya rantse cewa Shaihu Umar waliyyi ne na gaske, an yi shi a ƙasar Bauchi, Tafawa Ɓalewa tarihinsa kawai ya kwafe. Wani kuma ya ce sam, littafin ƙarya ce tsagwaronta, kuma shi abin da ke ba shi mamaki, yadda mutum mai nutsuwa kamar marigayin zai ɓata lokacinsa wajen shara ƙarya. Tun daga Lokoja suke abu ɗaya har muka shiga Ibadan. Ni dai ban tsoma baki ba, don ba a katse manya. Amma na riƙe abin a raina, domin dukkansu biyun sun kuskure, kuma kuskuren nasu ya girme su: tun ranar da aka fara rubuta ƙagaggen labari da Hausa ake yin sa.

Haihuwa da karatu

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kudu da birnin Bauchi. Sunan garin daga Fulatanci yake, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bagere ne, yana aiki a gidan hakimin ƙasar Lere. Mahaifiyarsa kuwa sunanta Fatima Inna. Wato dai Abubakar bai gaji sarauta ba, bai kuma gaji dukiya ba. A zamanin da yawancin waɗanda ake turawa boko mai zurfi 'ya'yan sarakuna ne da na hakimai da na alƙalai, shi daga bayan fage ya fito.

Ya fara da makarantar allo kamar kowane yaro, sannan elementare, sannan makarantar lardi ta Bauchi. A 1928 aka ɗauke shi a Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a duk Arewa. Can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda zai zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi. Can kuma ya yi zamani da Abubakar Imam. Malaman kwalejin sun matsa wa ɗalibai ƙwarai a kan lafazin Turanci, kuma Abubakar ya sha wannan horo har ya ƙoshi. Muryar nan da daga baya duniya ta yi wa laƙabi da muryar zinariya ta Afirka, a ajin Katsina aka fara goge ta.

Ya gama a 1933 ya dawo Bauchi aka ba shi aji a makarantar Midil. Ɗan ƙaramin malami ne mai albashi kaɗan, ba wanda ya san shi a wajen lardi. A wannan shekara ce wani Bature ya zo da wata magana da ta ba malamai da yawa dariya.

Gasar da malamai suka yi wa kallon raini

Baturen shi ne Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya. Matsalarsa ita ce an koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi in ban da littattafan aji da 'yan fassare-fassare. Sai ya shirya gasa a 1933, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su rubuta dogon labari na zube wanda suka ƙago da kansu.

East da kansa ya bayyana daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda abin ya cancanci a yi. Kuma in ka duba, suna da dalilinsu. A ƙasar Hausa rubutu abu ne mai alfarma. Da tawada da alƙalami ake rubuta Alƙur'ani, da su ake rubuta fiƙihu da waƙoƙin wa'azi irin na su Shehu Usmanu da Nana Asma'u, da su ake rubuta tarihin sarakuna da wasiƙun fada. Abin da aka sa a takarda, gaskiya ce ake son ta dawwama. Ƙagen labari kuwa yana da nasa gurbi: tatsuniya ce, ta Gizo da Ƙoƙi, ta tsofaffin mata da yara bayan an ci tuwon dare. Ita kanta tatsuniyar da rana ma ba a yin ta. To yaya za a ce babban mutum mai rawani ya ɗauki alƙalami da rana tsaka ya rubuta abin da bai faru ba? A idon jama'a wannan zubar da girma ne.

Duk da haka aka samu waɗanda suka amsa. Littattafai biyar ne suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Waɗannan biyar su ne tushen duk wani littafin labari na Hausa da kake gani yau a kasuwa ko a wayarka.

Cikin biyar ɗin, na mutumin Bauchi ya fita daban. Ruwan Bagaja cike yake da barkwanci da aljanu da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Ganɗoki jarumi ne da ya ƙare yana gwabzawa a duniyar aljanu. Shi kuwa Shaihu Umar babu aljani, babu ruwan sihiri. Mutane ne kawai, da hassada, da bauta, da hamada, da uwa mai neman ɗanta. Wannan kama da gaskiya da ya yi, ita ce ta jawo masa rabin rashin fahimtar da ake yi masa.

Abin da ke cikin littafin

Ga wanda bai karanta ba, ko ya karanta don jarrabawa ya manta, ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani babban malami ne a garin Rauta kusa da Bauchi, almajirai na zuwa wurinsa daga ko'ina. Wata rana suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su labarin rayuwarsa.

A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani barde da sarki ke ji da shi. Bayan an dawo daga wani harin kamen bayi, mahassada suka kai sukarsa cewa ya ɓoye wani abu daga ganima, sarki ya kore shi daga ƙasar. Kafin matar ta bi mijinta sai ta tafi ganin iyayenta a Fatika, ta bar yaron a hannun amana. A nan aka sace shi. Kura ta cinye wanda ya sace shin a daji, yaron ya tsira, amma bai daɗe ba ya sake faɗawa hannun mahara, aka kai shi Kano. Daga nan ya koma hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malamin da ake ji da shi.

Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta bazama neman ɗanta, aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta inda yake, aka mayar da ita baiwa, aka ja ta ta Murzuk har Tarabulus. Bayan shekaru Allah ya haɗa su, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira da kyar, ya ƙaraso ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Littafin ɗan siriri ne, a zama ɗaya za ka iya gama shi. Amma ka tsaya ka yi lissafi. Wanda ya rubuta shi bai wuce shekara 21 ba. Bai taɓa ƙetare Sahara ba, bai ga Masar ba, bai ga Tarabulus ba. Ba a taɓa sa masa mari a ƙafa ba. Kuma namiji ne, saurayi, amma wurin da ya fi taɓa zuciya a duk littafin shi ne na uwar nan da aka raba da ɗanta. To ina ya samo?

Kuskure uku da ake yi

Na farko shi ne na dattijonmu na saman tirela: tunda labarin ya yi kama da gaskiya, to lallai ya faru. Mai wannan ra'ayi a zatonsa yabo yake yi, alhali ya ƙwace wa marubucin aikinsa ne, ya mayar da shi magatakarda mai kwafe abin da aka faɗa masa. Gaskiyar magana, garuruwan na gaske ne, hanyar fatake daga Kano zuwa Murzuk da Tarabulus ta gaske ce, cinikin bayi na gaske ne. Turawa sun ci Bauchi a 1902, shekara goma kacal kafin a haifi Abubakar, suka ci Kano a 1903. Ya tashi a cikin mutanen da suka ga hari da idonsu, waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun, duk suna raye suna cin kasuwa ɗaya. Kai, ba a ma soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936, bayan littafin ya fito da shekara biyu. Kayan gini kenan, kuma kowa a Bauchi na wannan zamani yana da su. Amma tubali a zube ba ɗaki ba ne. Dubban mutane sun ji irin waɗannan labarai a bakin tsofaffi, mutum ɗaya ne ya harhaɗa su ya fitar da Umar da Makau da uwar nan, ya sa musu rai har dattijo ke rantsuwa a kansu bayan shekara casa'in.

Na biyu shi ne na ɗaya mutumin: tunda bai faru ba, to ƙarya ce. A nan sai mu tambayi kanmu mece ce ƙarya. Dillalin da ya ce maka saniya lafiyarta lau alhali ya san tana da ciwon hanta, wannan ya yi ƙarya, don yana so ka gaskata ya cuce ka. Mai ƙagaggen labari bai ɓoye maka komai ba, tun daga bango an san ƙagawa ya yi. Ba aljihunka yake nema ba, so yake ka ɗanɗana abin da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba. Littafin tarihi zai gaya maka an yi cinikin bayi ta hamada shekaru aru-aru, ka gyaɗa kai ka wuce. Shaihu Umar kuwa mace ɗaya ya ba ka, ya sa ka bi ta har inda ƙarfinta ya ƙare. Bayan nan in an ce bawa, ba adadi kake gani ba, ɗan wata kake gani.

Na uku ya fi yawa a wurin 'yan boko: a ɗauki duk abin da ke bakin mutanen cikin labari a ce ra'ayin marubuci ne. Wasu masu nazari sun ga cewa littafin ya yi wa bauta sassauci, tunda Umar bai yi tawaye ba, ubangidansa mutumin kirki ne, kuma komai ya same shi sai ya mayar ga ƙaddara. Wasu kuma sun ga akasin haka. Ni a nawa ɗan karatun, mai ba da labarin tsohon malami ne da ya rayu a wancan zamani, kuma da bakin irin wannan mutum aka sa shi ya yi magana. Da marubucin ya cusa masa kalaman ɗan gwagwarmayar zamani, da labarin ya zama na bogi. Hukuncin marubuci yana cikin yadda ya jera abubuwa. Makau da ke kamo 'ya'yan wasu, ɗan matarsa aka kama. Yaron ya dace da ubangida nagari ya zama shehi, uwarsa ta faɗa hannun mugaye ta lalace. Ciniki ɗaya ne, hanya ɗaya ce, sa'a ce kawai ta raba su. Wanda ya tsara haka ya san abin da yake faɗi, ko bai ɗaga murya ba.

Daga aji zuwa majalisa

Bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Ya ci gaba da koyarwa har ya zama hedimastan Midil ta Bauchi. A farkon shekarun 1940 Bauchi ta zama matattarar masu ilimi masu zafin kai, ga Sa'adu Zungur ɗan gari, ga Aminu Kano da aka turo koyarwa a 1942. Suka riƙa zaman muhawara a kan mulkin En'e da halin talaka. Su biyun nan wuta ne, Abubakar kuwa ruwan sanyi, amma tare ake zama.

A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi kwas na shekara ɗaya a fannin koyarwa. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu, aka zaɓe shi Majalisar Arewa a 1946, sannan Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a gyara tsarin En'e, a ba talaka bakin magana a mulkin ƙasarsa. A wancan lokaci faɗin haka a gaban manya, daga bakin ɗan bara, ba ƙaramar kasada ba ce. Masu cewa marigayin ba ya iya taɓa manya su tuna da wannan rana.

A jam'iyyar NPC, daga baya Sardauna ya zama shugaba, shi kuma mataimaki. Sardauna ya zaɓi zama a Kaduna, Abubakar ya tafi Legas. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, sannan Firaminista a 1957 yana da shekara 44. Wato shi ma ɗan uwanku ne a zaman Kudu. Shekara goma sha huɗu ya yi a bakin teku, cikin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, hutu kawai ke kai shi gonarsa a Bauchi.

Akwai wani abu a rayuwarsa da nake ganin marubucin nan bai mutu a cikinsa ba. A shekarun 1940 yana cikin masu cewa haɗin kan Najeriya a takarda kawai yake, Turawa ne suka ƙulla shi. A 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kan kogin Misisipi, ya ga mutane daga asali daban-daban sun zama ƙasa ɗaya, ya dawo da sauyin ra'ayi. Najeriyar da ya yi wa aiki daga nan, ƙasa ce da babu wanda ya taɓa gani, sai dai a hango ta a zuci. Wanda ya iya shiga zuciyar baiwa a Tarabulus yana ɗan shekara 21, ba abin mamaki ba ne in ya iya zama da Bayarabe da Ibo ya saurare su. Da ya zama Firaminista a 1957 har 'yan adawa na Action Group ya jawo cikin gwamnatinsa.

Ranar 1 ga Oktoba 1960 shi ya karɓi takardun 'yancin kai a filin sukuwa na Legas, wurin da yanzu ake kira da sunansa. Ranar 7 ga wata ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya ta zama mamba ta 99. Gwamnatinsa ta tura sojojin kiyaye zaman lafiya Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, wato hamadar nan ta cikin littafinsa. A wannan shekara ya ziyarci Shugaba Kennedy a Amurka, a 1963 kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa. A gida, zamaninsa ne layin dogo ya iso Bauchi a 1961 ya kai Maiduguri a 1964, aka fara madatsar ruwa ta Kainji, aka kammala gadar Kwara ta Onica a ƙarshen 1965. Duk motar shanun da ta haye gadar nan, a kan aikin zamaninsa take tafiya.

Inda aka samu tangarɗa

Tarihi ba waƙar roƙo ba ce, dole a faɗi ɗaya ɓangaren. A 1962 rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Awolowo da Akintola, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. A 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma kan laifin cin amanar ƙasa, abin da Yarabawa da yawa ba su yafe ba. Ƙidayar 1962 da ta 1963 ta jawo husuma tsakanin jihohi. An zubar da jini a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Zaɓen tarayya na 1964 ya zo da ƙaurace wa rumfuna da zargin maguɗi, na Jihar Yamma a 1965 kuwa ya fi muni, har aka shiga ƙone gidaje da mutane da fetur. An yi ta kiran Firaminista ya sa baki da ƙarfi, bai yi ba. Haƙurin da ake yabonsa da shi, a nan masu sukarsa suka kira shi sanyin jiki, kuma maganarsu tana da nauyi. Duniyar labari tana bin alƙalamin mai ita, ƙasa kuwa ba haka take ba.

A watan Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas don tattauna rikicin Rodeshiya. Kwana kaɗan da watsewar taron, cikin daren 15 ga Janairu, ana cikin azumin Ramadan, sojoji suka shiga gidansa suka tafi da shi tare da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Yana da shekara 53. Aka kawo shi Bauchi aka binne. Bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, kuma wannan ko abokan hamayyarsa ba su musa ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Littafin ya fi gwamnatin tsawon rai

Jamhuriya ta farko ta rushe a wannan dare, amma ɗan siririn littafin nan bai rushe ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa da Hausa a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa har aka fitar da rai, sai a 2016 aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Shi ma dai kamar mai sunan, ya ɓata a baƙon wuri ya dawo.

Raini kuwa da aka yi wa masu ƙaga labari a 1933 bai gama mutuwa ba. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun sha zargin ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a. Marubuciya in ta rubuta labarin kishiya ko na sakin aure, sai a fara raɗe-raɗin gidanta take fallasawa. In saurayi ya rubuta labarin ɗan daba, sai a ce ina ya san wannan in ba yana ciki ba. Ba na cewa duk abin da aka rubuta mai kyau ne. Akwai na banza, kamar yadda ake samun ramammiya a kowane garke, kuma iyaye na da haƙƙin duba abin da 'ya'yansu ke karantawa. Amma a auna littafi da abin da ke cikinsa, kada a yanke wa mai shi hukunci don kawai Allah ya ba shi zuciya mai hango abin da ido bai gani ba.

Ku da ke zaune a Kudu, wannan littafi naku ne fiye da kowa. Labari ne na wanda ya girma nesa da gida, ya koyi yaren wasu, ya yi suna a can, amma mafarkin uwarsa bai bar shi ya yi barci ba. Yaranmu da aka haifa a Agege da Sabo, da yawansu Yarbanci da Turancin buroka sun fi kama bakinsu. A nema musu Shaihu Umar, a sa su karanta da ƙarfi bayan sallar isha'i, ko shafi biyu ne a dare. In kuma a cikinsu akwai mai yawan ƙirƙiro labari, wanda ake ce wa sarkin surutu ko mai shegen tsari, kada a yi saurin kai masa dundu. A koya masa bambancin ƙarya da ƙage, sannan a saya masa littafin rubutu da biro.

In Allah ya kawo ku Bauchi da sallah, ku leƙa kabarin marigayin, yana nan cikin gari an gine shi an mayar da shi wurin tarihi. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda yake kwance, sama a buɗe babu rufi. Ku yi masa addu'a.

Dattijon nan kuwa, da muka sauke shanu a kara, ya karɓi littafin ya ce jikansa zai karanta masa don ya tabbatar da maganarsa. Har yau bai dawo mini da shi ba, ni ma ban tambaya ba.